Darasi na Bakwai: Yadda Ake Tabbatar da Cewa Magana Biyu Ɗaya Suke

Maruda ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwandu, kuma duk wanda ya taɓa bin layi ranar zaɓe, a nan ko a Kambaza ko a Dalijan, ya san dokar da malaman zaɓe suke aiki da ita: ba mai jefa ƙuri'a sai mai kati. Ku ƙaddara ana bin dokar nan sau da ƙafa, sannan ku saurari maganganu uku da za a iya yi a kan mutum guda.

Ta farko: in wane ya jefa ƙuri'a, to yana da kati.

Ta biyu: in wane ba shi da kati, to bai jefa ƙuri'a ba.

Ta uku: in wane yana da kati, to ya jefa ƙuri'a.

Kunne zai ce muku duk kanwar ja ce, kalmomi ne kawai aka jujjuya. Biyu daga cikinsu lallai abu ɗaya suke faɗa. Ta ukun kuwa daban take, kuma ƙarya ce a kan miliyoyin mutane. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Masu kati da yawa suna gida, wasu suna gona, wasu sun yi tafiya. Magana ta uku ta faɗi ke nan, alhali ta farko da ta biyu suna nan tsaye.

Mun gane wannan da sauri don mun san yadda zaɓe yake. Da a ce maganar ta shafi takardar bashi ce mai layi goma, ko wani sashe na doka da ba mu saba ji ba, da sanin yau da kullum bai cece mu ba. Shi ya sa ake bukatar hanya wadda za ta yanke hukunci ba tare da dogaro da daɗin magana a kunne ba. Ga ma'aunin da za mu riƙe har ƙarshen darasi: magana biyu sun daidaita idan babu wani hali, ko guda, da ɗaya za ta zama gaskiya ɗayar ta zama ƙarya. Yawan dacewarsu bai isa ba. Tilas dacewar ta zama a kowane hali.

Ilimin da ya riga boko zuwa

Sunan wannan fanni mantiƙi, kuma ya daɗe a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan mantiƙi, har sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan halaccin karanta shi: Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa. Abdurrahman Ahalari, mutumin Aljeriya, wanda kusan kowane ɗalibin zaure ya fara fiƙihu da ɗan littafinsa, shi ne kuma ya tsara Sullamu a shekara ta 941 bayan Hijira, waƙaƙƙen littafin da masu koyon mantiƙi suke farawa da shi.

A nan gida, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake cikin garin Gwandu, ya bar Liya'ut Tawili a tafsiri, da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Alfiyyatul Usuli a ilimin usulul fiƙihi. A wannan ilimi na usulu ne malamai suke bambance sharaɗi da sababi. Sharaɗi shi ne abin da rashinsa yake tilasta rashin hukunci, amma samuwarsa ba ta tilasta samuwar hukuncin. Tsarki sharaɗin ingancin salla ne: in babu shi salla ba ta inganta ba, amma ba kowane mai alwala ne ya yi salla ingantacciya ba, yana iya zama bai ma tayar ba. Ku sa kati a gurbin alwala, ku sa ƙuri'a a gurbin salla, za ku ga maganganunmu uku ne suka dawo. Abin da boko ya ƙara shi ne alamomi da jadawali, waɗanda suke sa a yi aikin a kan takarda yadda ake lissafi.

Kayan aiki

Zance, a wannan darasi, shi ne maganar da za a iya ce wa mai ita ya yi gaskiya ko ya yi ƙarya. "An yi ruwa a Kalgo jiya" zance ne. "Ina kwana?" da "rufe ƙofa" ba su shiga ba, don ba a ƙaryata gaisuwa ko umarni. Za mu sa wa zantuka haruffa, A da B da C. A littattafan jami'a, irin waɗanda ake karantarwa da su a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Aliero, za ku tarar da p da q. Duk ɗaya ne. G na nufin gaskiya, Ƙ na nufin ƙarya.

Ana ɗaura zantuka da ƙananan kalmomi huɗu, kowace da alamarta. Korewa, wato "ba haka ba ne", ana rubuta ta ¬A, kuma juya hukunci take yi: in A gaskiya ne, ¬A ƙarya ne. Haɗi, wato "kuma", ana rubuta shi A ∧ B, kuma ba ya zama gaskiya sai duka biyun sun tabbata. Waɗannan biyu ba sa ba kowa wahala.

Na uku shi ne "ko", A ∨ B, kuma a nan sai an yi hattara. Masu mantiƙi na da sun raba "ko" gida uku. Akwai wadda take hana haɗuwa, kamar a ce dabbar nan ko akuya ce ko tunkiya: ba za ta zama duka biyu ba, amma tana iya zama jaki. Akwai wadda take hana rashin duka biyu, amma ta yarda su haɗu. Akwai kuma mai hana duka, kamar a ce mutum ko yana raye ko ya mutu. Alamar ∨ ta tsakiyar ce take wakilta. In aka ce a asibiti "za a duba mai zazzaɓi ko mai tari", wanda ya zo da duka biyun ba korarsa za a yi ba. To A ∨ B ƙarya ne a hali guda kawai, lokacin da A da B duk suka zama ƙarya.

Na huɗu shi ne "in ... to ...", A → B, kuma shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ku ɗauke shi a matsayin alkawari. Dillali ya ce wa manomi: in ka kawo buhu goma na shanshera, to zan biya kuɗin mota. Manomi ya kawo, dillali ya biya: alkawari ya cika. Ya kawo, dillali ya ƙi biya: an saɓa. Bai kawo goma ba, dillali bai biya ba: ba wanda zai kai shi ƙara. Bai kawo goma ba, amma dillali ya biya don alheri: nan ma bai yi ƙarya ba, don bai taɓa cewa ba zai biya ba in buhunan sun gaza. Hali ɗaya rak ne yake mai da shi maƙaryaci, wato farkon magana ya tabbata, ƙarshenta bai tabbata ba. A sauran ukun G muke rubutawa. Wasunku za su ji nauyin rubuta "gaskiya" a kan alkawarin da ba a ma kai ga gwada shi ba. Ku karanta G ɗin a matsayin "ba a saɓa ba", nauyin zai ragu.

Ga su a jere:

| A | B | A ∧ B | A ∨ B | A → B |
|---|---|---|---|---|
| G | G | G | G | G |
| G | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ |
| Ƙ | G | Ƙ | G | G |
| Ƙ | Ƙ | Ƙ | Ƙ | G |

Layuka huɗun nan sun ƙare duk halin da zantuka biyu za su iya shiga. Babu na biyar. Wannan shi ne ƙarfin hanyar da za mu fara da ita.

Hanya ta farko: jadawalin gaskiya

Mu koma rumfar zaɓe. A ya zama "wane ya jefa ƙuri'a", B ya zama "wane yana da kati". Magana ta farko ita ce A → B. Ta biyu ita ce ¬B → ¬A. Ta uku ita ce B → A. Ana cika jadawali ne daga hagu zuwa dama, gida bayan gida, ba a tsallake.

| A | B | A → B | ¬B | ¬A | ¬B → ¬A | B → A |
|---|---|---|---|---|---|---|
| G | G | G | Ƙ | Ƙ | G | G |
| G | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | Ƙ | G |
| Ƙ | G | G | Ƙ | G | G | Ƙ |
| Ƙ | Ƙ | G | G | G | G | G |

Ku ɗora yatsa ɗaya a kan ginshiƙin A → B, ɗaya a kan ginshiƙin ¬B → ¬A, ku gangaro tare. G da G, Ƙ da Ƙ, G da G, G da G. Ba inda suka rabu. Hujja ta kammala, sai mu rubuta:

A → B ≡ ¬B → ¬A

Alamar ≡ ana karanta ta "ya daidaita da". Malaman mantiƙi suna kiran wannan juyi aksun naƙili, wato a juya gaba baya kuma a kore kowane ɓangare.

Yanzu ku gwada A → B da B → A. A layi na farko sun dace. A na biyu sun rabu, a na uku ma sun rabu. Layi na uku shi ne mai katin da ya zauna gida. Ba ma bukatar layi biyu, ɗaya ya wadatar a ce ba su daidaita ba. Ku lura da wannan rashin adalci na aikin, domin zai sauƙaƙa muku: mai son tabbatar da daidaito sai ya bi kowane layi, mai son rushe shi kuwa layi ɗaya zai nuna ya zauna.

Misali na biyu daga tsarin mulki zai fito. Sashe na 179 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce, in 'yan takarar gwamna biyu ne ko fiye, wanda za a ce ya ci sai ya cika abu biyu: ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jihar. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kashi biyu bisa uku ya zama 14 cif. A ya zama "ya fi kowa ƙuri'a", B ya zama "ya sami rubu'i a ƙananan hukumomi 14 ko fiye". Cika sharaɗi shi ne A ∧ B. To in aka ce ɗan takara bai cika sharaɗi ba, wato ¬(A ∧ B), me aka faɗa? Mutane da yawa za su fassara shi da cewa bai fi kowa ƙuri'a ba kuma bai sami rubu'in ba. Bari jadawali ya yi magana.

| A | B | A ∧ B | ¬(A ∧ B) | ¬A ∨ ¬B | ¬A ∧ ¬B |
|---|---|---|---|---|---|
| G | G | G | Ƙ | Ƙ | Ƙ |
| G | Ƙ | Ƙ | G | G | Ƙ |
| Ƙ | G | Ƙ | G | G | Ƙ |
| Ƙ | Ƙ | Ƙ | G | G | G |

Ginshiƙi na huɗu da na biyar ne suka dace. Na shida ya kauce a layi biyu. Rashin cika sharaɗi yana nufin ko wannan ya gaza ko wancan ya gaza, ba lallai duka biyun ba. Mutum yana iya tara tulin ƙuri'u a Birnin Kebbi da Argungu da Jega ya fi kowa, amma ya kasa samun rubu'i a wurare 14. Shi ne layi na biyu. Dokar ke nan:

¬(A ∧ B) ≡ ¬A ∨ ¬B

Tana da tagwai, wadda za ku tabbatar da kanku a aikin gida:

¬(A ∨ B) ≡ ¬A ∧ ¬B

In korewa ta shiga cikin baka biyu, sai ta kore kowane ɓangare, ta mai da "kuma" ta koma "ko", ta mai da "ko" ta koma "kuma". Ana jingina dokokin nan biyu ga Augustus De Morgan, malamin lissafi a Landan, wanda ya fitar da littafinsa na mantiƙi a 1847, duk da cewa masana na ƙarni na 14 kamar William na Ockham sun riga sun faɗe su da kalmomi. A shekarar 1847 ɗin ne kuma George Boole ya buga ɗan littafin da ya mai da mantiƙi lissafi. Jadawalin kansa bai bazu ba sai bayan 1921, ta hannun Emil Post da Ludwig Wittgenstein.

Wani abu da bai kamata ku ɗora wa jadawali ba: ba ya gaya muku wane layi ne ya faru. A zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris 2023 hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba, sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 15 ga Afrilu kafin a bayyana Nasir Idris. A tsakanin kwanakin nan ba wanda ya isa ya rubuta G ko Ƙ a gaban A. Wannan aikin masu ƙirga ne. Aikin mantiƙi shi ne ya ce, ko me ƙirga ta nuna, maganganun nan biyu tare za su tashi, tare za su faɗi.

Wajibi, mustahili, ja'izi

Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, malamin Tilmisan da ya rasu a 1490, ya san an raba hukuncin hankali uku: abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, da abin da ba ya karɓar samuwarsa, da abin da yake karɓar kowanne. Jadawali ma uku yake fitarwa, ko da yake fagensa ya fi na malaman tauhidi ƙunci ƙwarai. Zance kamar A ∨ ¬A, "ko an yi ruwa ko ba a yi ba", G ne a kowane layi. Zance kamar A ∧ ¬A, Ƙ ne a kowane layi. Sauran, irin su A → B, gauraye suke. Na farko za mu taƙaita shi da G, na biyu da Ƙ, kuma za mu bukace su nan gaba kaɗan.

Hanya ta biyu: sarƙar dokoki

Jadawali ba ya ƙarya, amma yana da ci. Zantuka biyu layi 4 ne, uku layi 8, goma layi 1,024, domin kowane sabon zance ninka layukan yake yi. Da za mu ba kowace ƙaramar hukuma ta Kebbi harafinta, "ya sami rubu'i a Gwandu", "ya sami rubu'i a Kalgo", har 21, da jadawalin ya kai layi 2,097,152. Ba allon da zai ɗauka.

Mafita ita ce a tabbatar da 'yan dokoki kaɗan da jadawali, sau ɗaya, sannan a riƙa aiki da su. Ƙa'idar kamar canjin kuɗi take: in ka ba da ɗari biyar aka ba ka ɗari biyu-biyu guda biyu da ɗari ɗaya, takardun sun sauya, abin da ke aljihunka bai sauya ba. Duk inda wani ɓangare na magana ya zo, kana iya cire shi ka sa wanda ya daidaita da shi. Ga dokokin da za su ishe mu, ban da na De Morgan:

Korewa biyu: ¬¬A ≡ A

Musaya: A ∧ B ≡ B ∧ A, haka kuma A ∨ B ≡ B ∨ A

Matsar da baka: (A ∨ B) ∨ C ≡ A ∨ (B ∨ C), haka ma a "kuma"

Rabo: A ∧ (B ∨ C) ≡ (A ∧ B) ∨ (A ∧ C)

Kishiyoyi: A ∨ ¬A ≡ G, kuma A ∧ ¬A ≡ Ƙ

Ɗan rakiya: A ∧ G ≡ A, kuma A ∨ Ƙ ≡ A

Warware sharaɗi: A → B ≡ ¬A ∨ B

Ta ƙarshen ce ta fi aiki, kuma kun san ta tun kafin ku ga alamarta. In aka ce a tasha "ko dai ya biya ko an sauke shi", kowa ya gane cewa in bai biya ba an sauke shi. Duk "in ... to ..." ana iya mai da ita "ko", kuma da zarar ta koma "ko", sauran dokoki sun sami abin kamawa. Saboda haka shawarata ita ce, in kun ga kibiya, ku fara da warware ta.

Ga aksun naƙili kuma, wannan karon ba jadawali. Ana farawa daga gefe ɗaya, a kowane mataki a faɗi dokar da ta ba da izini:

¬B → ¬A
≡ ¬¬B ∨ ¬A, da warware sharaɗi
≡ B ∨ ¬A, da korewa biyu
≡ ¬A ∨ B, da musaya
≡ A → B, da warware sharaɗi ta baya

Mataki huɗu, an iso. Rubuta sunan doka a gefen kowane mataki ba ado ba ne. Shi ne hujjar. Matakin da ba shi da doka a gefensa, da'awa ce kawai.

Mene ne kishiyar alkawarin dillali? Ɗalibai sukan rubuta A → ¬B, ko ¬A → ¬B. Duka kuskure ne.

¬(A → B)
≡ ¬(¬A ∨ B), da warware sharaɗi
≡ ¬¬A ∧ ¬B, da De Morgan
≡ A ∧ ¬B, da korewa biyu

Wato manomi ya kawo buhu goma kuma dillali bai biya ba. Kishiyar sharaɗi ba wani sharaɗin ba ne, aukuwa ce guda. Wanda yake son ƙaryata "in an yi kaza to kaza zai biyo" sai ya kawo inda aka yi kaza ɗin, abin bai biyo ba. Surutu a kan abin da zai faru in ba a yi ba, ɓata baki ne.

Amfanin hanyar nan ya fi fitowa inda magana ta yi tsawo ba dalili. Ku ƙaddara wata ƙungiyar manoman shinkafa ta rubuta a dokokinta: za a ba da taki ga wanda ya biya kuɗin ƙungiya kuma yana noma fadama, ko wanda ya biya kuɗin ƙungiya kuma ba ya noma fadama. A ya zama biyan kuɗi, B ya zama noman fadama.

(A ∧ B) ∨ (A ∧ ¬B)
≡ A ∧ (B ∨ ¬B), da rabo ta baya
≡ A ∧ G, da kishiyoyi
≡ A, da ɗan rakiya

Ashe fadama ba ta da hannu a maganar. Wanda ya biya shi ke da taki. Irin wannan ragi ne Claude Shannon ya nuna a 1937, yana ɗalibi a Amurka, cewa ana iya yi wa makunnan lantarki: makunni biyu a jere a kan waya ɗaya "kuma" ne, biyu a kan wayoyi mabambanta masu haɗuwa a gaba "ko" ne. In tsari biyu sun daidaita, injiniya sai ya ɗauki mai ƙarancin kaya. A kan wannan aka gina kwamfuta da wayar da ke aljihunku.

Misali na ƙarshe mai zantuka uku ne. C ya zama "an bayyana shi gwamna". Shin "in ya fi kowa ƙuri'a kuma ya sami rubu'in, to an bayyana shi" ɗaya yake da "in ya fi kowa ƙuri'a, to in ya sami rubu'in, an bayyana shi"?

(A ∧ B) → C
≡ ¬(A ∧ B) ∨ C, da warware sharaɗi
≡ (¬A ∨ ¬B) ∨ C, da De Morgan
≡ ¬A ∨ (¬B ∨ C), da matsar da baka
≡ ¬A ∨ (B → C), da warware sharaɗi ta baya
≡ A → (B → C), da ita dai

Ɗaya suke.

Ramukan da ke kan hanya

Baka biyu ba abin wasa ba ne. Dokar matsar da baka ta "ko" ce da "kuma", ba ta kibiya ba. A → (B → C) da (A → B) → C haruffansu ɗaya, jerinsu ɗaya, amma ku sa Ƙ a duka ukun ku gani. Na farko farkonsa ƙarya ne, don haka G. A na biyu, A → B ya ba da G, sai G → Ƙ ya ba da Ƙ. Sun rabu. A maganar baki ba a ganin baka, shi ya sa ake kai ruwa rana. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023 lauyoyi sun yi ta ja a kan Sashe na 134 na Tsarin Mulkin, mai maganar rubu'in ƙuri'a a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Shin Abuja tana cikin jerin da ake ɗaukar kashi biyu bisa uku daga gare shi, ko sharaɗi ce mai zaman kanta? Sai ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta tsayar da cewa ana lissafa ta ne tamkar jiha a cikin jerin. Alƙalai ne suka faɗi inda bakan yake. Mantiƙi ba ya fara aiki sai an gama wannan.

Musaya ma ba ta shiga kibiya. Mun riga mun ga haka a rumfar zaɓe.

In kun yi ta jan sarƙa ba ku iso ɗaya gefen ba, wannan bai nuna cewa maganganun ba su daidaita ba. Wataƙila hanya kuka ɓata. Rashin daidaito ba ya tabbata sai da layin da suka rabu, a rubuce, da G da Ƙ ɗinsa. Dabarar neman layin ita ce ku tambayi kanku me zai sa gefe ɗaya ya zama ƙarya, ku cika haruffan da haka, sannan ku duba ɗaya gefen.

Sai kuma iyakar abin da ≡ take ɗauka. Gaskiya da ƙarya kawai take aunawa. "Ta yi aure ta haihu" da "ta haihu ta yi aure", a dokar musaya daidai suke, amma kada wanda ya kuskura ya musanya su a gidan suna. Hausa tana sa jerin lokaci a cikin jerin kalmomi, alamar ∧ kuwa ba ta san lokaci ba. In lokaci yana da muhimmanci a maganarku, sai ku mai da shi zance na uku, ku ba shi harafinsa.

Aiki

1. Da jadawali, ku tabbatar da ¬(A ∨ B) ≡ ¬A ∧ ¬B. Sannan ku faɗe ta da Hausa, A ya zama "motar ta tsaya a Kalgo", B ya zama "motar ta tsaya a Jega".

2. Da jadawali, ku tabbatar da dokar warware sharaɗi. Da jadawali mai layi 8, ku tabbatar da dokar rabo.

3. Daga cikin sharuɗɗan zakkar kuɗi akwai cikar nisabi da zagayowar shekara. Wani ya ce: "Tunda ba a cika sharuɗɗan biyu ba, ashe kuɗin bai kai nisabi ba." Ku rubuta "ba a cika sharuɗɗan biyu ba" da "kuɗin bai kai nisabi ba" da alamomi, ku nuna layin da suka rabu, ku bayyana wane irin mai kuɗi ne a wannan layi.

4. Da sarƙar dokoki, kuna rubuta sunan doka a kowane mataki, ku nuna cewa A ∧ (¬A ∨ B) ≡ A ∧ B.

5. Ɗaya daga cikin waɗannan biyu ta daidaita da (A ∨ B) → C, ɗayar ba ta daidaita ba: (A → C) ∧ (B → C), da kuma (A → C) ∨ (B → C). Ku gano wacce ce wacce. Wadda ta daidaita ku kawo hujjarta, wadda ba ta daidaita ba ku kawo layi ɗaya da ya rushe ta.

6. Ku samo wata doka a rubuce, ta ƙungiyarku ko ta makarantar 'ya'yanku ko ta takardar rancen noma, mai ɗauke da "in" ko "sai" ko "ban da". Ku mai da ita alamomi, ku rubuta aksun naƙilinta da Hausa, ku zo da ita aji mako mai zuwa.